TARON ZUMA WANDA BA A GA UWARSA BA

Ya kai mai karatu, a ce yau da hantsi yara sun sheƙo sun gaya maka ga zuma ta sauka a reshen tsamiyar bayan gida, ta yi curi kamar tulu. Ka ɗauki amyarka, ka tara ta ƙarƙashin reshen, ka girgiza, ƙudaje suka zuba ciki. Ka yi murna, gama ka sami dukiya ba da ko kwabo ba. Amma da dare ya yi sai wani tunani ya zo maka: shin uwarsu ta shiga tare da su, ko kuwa ta tsere? Wannan tambaya ba ƙarama ba ce. Taron da ke da uwa, kafin shekara ta kewayo ka sha zumarsa. Wanda ba shi da uwa kuwa, ko da ƙudajensa sun kai dubu goma, kafin wata biyu ba abin da za ka tarar cikin amyar sai asu da ƙadangare.

Mutanenmu da yawa sukan ce sarkin zuma. Turawa ma haka suka riƙa cewa shekaru aru-aru, har a shekarar 1609 wani malami a Ingila mai suna Charles Butler ya buga littafi ya ce ai wannan sarki mace ce. A cikin wannan ɗan littafi za mu riƙa ce mata uwa, domin aikinta ke nan. Ba ta mulki, ba ta yanke shari'a. Ƙwai kaɗai take yi, kuma lokacin da furanni suka yawaita takan yi fiye da dubu a rana guda. Sauran ƙudajen da kake gani suna kai da kawowa mata ne su ma, amma ba su yin barbara. Su ne ma'aikata. Akwai kuma maza, manya masu ƙatuwar ido, ba su da ƙari, ba su da wani aiki sai barbarar sabuwar uwa.

Ma'aikaciya ba ta daɗewa a duniya. Lokacin aiki kamar mako 6 take yi ta mutu. Ka riƙe wannan lissafi da kyau, gama duk abin da za mu faɗa nan gaba a kansa yake tsaye. Kowace rana wasu suna mutuwa, in ba mai yin ƙwai, ba masu maye gurbinsu.

TARO IRI BIYU NE

Sa'ad da amya ta cika maƙil, mafi yawa daga kaka zuwa lokacin da kaɗanya da ɗorawa ke fure, sai ƙudajen su rabu. Tsohuwar uwa ta tashi da kamar rabin jama'a, ta bar wa na gida 'ya'yan da ake reno domin su gaje ta. Wannan shi ne taron fari. Yakan yi girma, uwarsa kuwa ta riga ta yi barbara tun tuni, saboda haka da zarar an gina mata saƙa, cikin kwana 2 zuwa 4 sai ta fara ƙwai.

Bayan kamar mako guda ko fi, wani taro kuma yakan fito daga wannan amya ɗin, wani lokaci har na uku. Waɗannan ƙanana ne, kuma uwarsu budurwa ce, ba ta san namiji ba tukuna. Budurwar uwa siririya ce, ba ta fi ma'aikaciya da yawa ba, ga ta da sauri da iya ɓuya. Ko wanda ya tsufa cikin kiwon zuma yakan neme ta ya rasa. Ba za ta yi ƙwai ba sai ta yi kamar kwana 5 ko 6 da fitowa, sa'an nan ta tashi sama da tsakar rana ta gamu da maza goma ko fi, ta komo, ta huta kwana 2 ko 3. Wani makaho mutumin Janiba a ƙasar Suwizalan, François Huber, shi ya tabbatar da cewa a waje ake barbarar uwa, ba cikin amya ba. Da idon baransa ya yi binciken, aka buga shi a 1792. To, ka ga ke nan taro mai budurwa yana iya yin mako biyu, har uku in iska ta hana ta fita, ba ka ga ƙwai ko ɗaya ba, alhali kuwa ba maraya ba ne.

A nan mafi yawan masu kiwo suke faɗuwa, ni ma a nan na faɗi. Wata shekara wani ɗan taro ya sauka a mangwaron da ke bakin ofishinmu, na kama shi na kai gida. Na buɗe a kwana na biyar, ga saƙa fara fat kamar tafin hannu, ba ƙwai. Na juya, na duba, ban ga uwa ba. Sai na yanke a raina marayu ne, da magariba na juye su cikin babbar amyata. Da gari ya waye na tarar da 'yar siririyar uwa a ƙasa bakin ƙofa, an kashe ta an jefo. Da na ƙara musu kwana goma, da ina da amya biyu. Ba wanda ya cuce ni sai gaggawata.

ABIN DA ZA KA GANI TUN DAGA WAJE

Jarrabawa ta fari tun a gindin itacen ake yin ta. In ka girgiza taron cikin amya, kada ka ɗauke ta nan da nan. Ajiye ta a inuwa ƙarƙashin reshen, ka bar ƙofa a buɗe, ka koma gefe ka zuba ido. Za ka ga waɗansu ƙudaje sun tsaya bakin ƙofa, sun ɗaga gindi sama, suna ta kaɗa fiffike. Wani ƙamshi suke saki, mai kama da na ɓawon lemun tsami, suna kiran 'yan'uwansu. In na sama suna saukowa suna shiga, curin da ya rage a reshe kuma yana raguwa, to uwa tana ciki. In kuwa na ciki ne ke fitowa suna komawa reshe, curi yana ƙara girma, tana can, sai ka sake girgizawa. Sa'a guda ta isa ka gane. Ka bari sai bayan magariba, sa'ad da kowa ya shiga, sa'an nan ka ɗauke amyar a hankali ka kai inda za ta zauna.

Duk da haka uwa takan salwanta. Murfi yakan danne ta, ko tsuntsu ya cafke ta ranar da ta fita barbara. Wani taron kuma tun asali ba shi da uwa, ragowar waɗanda masu ɗibar zuma suka ƙone wa gida ne da wutar ciyawa.

Kwana ukun fari kada ka buɗe. Zumar ƙasarmu ba ta son damuwa, da an matsa mata kafin ta kafa gida sai ta kwashe ta gudu. Je ka zauna gefen amya da safe, ba gaban ƙofa ba, ka kalla, ka saurara. Taro mai uwa yana da natsuwa: suna fita da sauri, suna komowa kai tsaye, muryarsu ƙasa-ƙasa take, iri ɗaya. Ka ƙwanƙwasa amyar sau ɗaya da yatsa, za su yi ƙara su yi shiru nan take. Marayu kuwa sukan yi ta yawo a bakin ƙofa da jikin amya kamar masu cigiya, in ka ƙwanƙwasa sai ƙarar ta daɗe ba ta kwanta ba. In ka ga suna shigowa da ƙullin garin fure a ƙafafunsu na baya, rawaya ko ja, alama ce mai kyau, gama da shi ake ciyar da tsutsotsi. Amma fa duk waɗannan alamu ne kurum. Marayu ma sukan ɗebo garin fure. Kada ka yanke hukunci a kan abin da ka gani daga waje.

Sa'ad da taro zai tashi, kowace ƙuda takan cika cikinta da zuma, guzurin kamar kwana 3. Daga nan sai abin da suka samo. Ginin saƙa kuma yana cin abinci ƙwarai, gama daga jikinsu kaki ke fitowa, sai sun sha zuma mai yawa kafin su yi kaki kaɗan. In furanni sun yi ƙaranci, taimake su. Narka sukari gwangwani ɗaya cikin ruwa mai tsabta gwangwani ɗaya, ka zuba a 'yar tasa, ka jefa karare ko tsinkaye a kai don kada su nutse, ka sa cikin amya da yamma. Kada ka ajiye a waje, zumar maƙwabta za ta ji ƙamshi ta zo fashi. Kada kuma ka ba su zumar kasuwa, ba ka san ko daga amya mai cuta ta fito ba.

BUƊEWA TA FARI

Bayan mako guda ka buɗe. Zaɓi la'asar sakaliya, sa'ad da rana ta yi sanyi amma da sauran haske. Kori yara, ka kwance akuya da jaki in an ɗaure su kusa, gama dabbar da ke ɗaure ba ta da hanyar gudu in zuma ta fusata. Rufe fuskarka da raga, ka busa hayaƙi kaɗan na busasshen kashin shanu ko totuwar masara. Hayaƙi nake cewa, ba harshen wuta ba.

Kada ka ɓata lokaci kana neman uwa. Nemi aikinta. Ɗaga saƙar tsakiya, ka juya wa rana baya yadda haske zai faɗa cikin ramuka. Ƙwan zuma fari ne, siriri, kamar ɗan guntun zare, tsawonsa bai kai milimita 2 ba. Ranar da aka yi shi a tsaye yake a tsakiyar gindin rami, ya riƙa karkata, a kwana na 3 ya kwanta ya ƙyanƙyashe. In ka ga ƙwai ɗaya ɗaya a kowane rami, a jere, rami na bin rami, uwa ta taka wurin nan cikin kwana ukun da suka wuce. Mayar da saƙa, rufe amyarka, ka tafi ka yi barci.

Wannan dubawa tana da sauƙi ga mai amyar da ake iya ɗaga saƙarta ɗaya ɗaya. Wani Ba'amurke, Langstroth, shi ya fito da irinta a 1851. A ƙasashenmu an fi amfani da wadda ake kira amyar Kenya, dogon akwati mai sanduna jere a sama, kowace sanda faɗinta milimita 32, watau inci ɗaya da kwata, kowace kuma ƙudaje su rataya mata saƙa guda. Kowane kafinta zai iya yin ta. In amyarka ta ciyawa ce irin ta iyaye, ba ka rasa dabara ba: buɗe murfin baya, ka yanko ɗan yanki daga saƙar da ƙudaje suka fi taruwa a kai, ka duba a haske.

IN BA KA GA ƘWAI BA

To, yanzu mun zo ga zuciyar magana. Ba ƙwai, ba ka ga uwa ba. Ko budurwa ce ke ɓoye, ko kuwa babu kowa. Kai ba ka sani ba, amma ƙudajen sun sani. Uwa tana da wani sinadari a jikinta wanda masu yi mata hidima ke lasa, su rarraba baki da baki har ya game amya duka. Wani masani a Ingila, Colin Butler, shi ya bayyana wannan a 1954. In ta ɓace, cikin 'yan sa'o'i kowa ya ji babu ta. Abin da ya rage shi ne ka san yadda za ka tambaye su su ba ka amsa.

Ga yadda ake tambayar. Je ka wata amya mai ƙarfi, taka ko ta abokinka, ka ɗauko saƙa guda mai ƙwai da ƙananan tsutsotsi, waɗanda suka fi ƙanƙanta, masu kwance cikin ɗan farin ruwa kamar madara. Ka tabbata lafiyayyu ne, farare tas masu sheƙi, ba wari. Share ƙudajen da ke kanta su koma gidansu, da gashin kaza ko ɗanyar ciyawa, ka duba da kyau kada ka tafi da uwar wannan amya, ka zama ka gyara ɗaya ka ɓata ɗaya. Riƙe saƙar a tsaye yadda take rataye, in ka kwantar da ita za ta karye. Lulluɓe ta da tsumma mai ɗan laima saboda rana da iska, ka yi sauri ka sa ta a tsakiyar taron. Mai amyar ciyawa ya yanko kamar faɗin tafin hannu, ya ɗaure a jikin kara da zaren rama, ya kafa ta a tsaye kusa da curin, gefen da ke sama a dā ya zauna a sama.

Ka ba su kwana 3 ko 4, ka sake buɗewa.

In ba su da uwa, za ka tarar sun zaɓi waɗansu tsutsotsi sun faɗaɗa ramukansu, sun jawo su waje suna kallon ƙasa. In an gama ginin yakan yi kama da kwanson gyaɗa. Wannan shi ne ɗakin uwa. Leƙa ciki, za ka ga tsutsa tana iyo cikin farin abinci mai kauri. Dalili kuwa shi ne, ƙwan da ke zama uwa da wanda ke zama ma'aikaciya duk ɗaya ne, abinci da ɗaki ne suka bambanta su. Kowace tsutsa mace wadda ba ta wuce kwana 3 da ƙyanƙyashewa ba, in aka cika ta da wannan abinci za ta zama uwa. Amma ka lura, ɗan ƙoƙon da ba kome a ciki ba shaida ba ne, ƙudaje sukan gina irinsa haka kawai.

In kuwa sun rene tsutsotsin kamar kullum, ba su gina ɗaki ko ɗaya ba, to suna da uwa, ko da ba ka gan ta ba. Rufe, ka ba ta kwana goma. Ga kuma wata shaida: ƙwan da ka kawo duk sun ƙyanƙyashe cikin kwana 3, saboda haka in ka ga ƙwai a kwana na 4, a nan gidan aka yi shi.

Wannan saƙa ba ta taɓa zama asara. In marayu ne, ka ba su abin yin uwa. In suna da uwa, ka ƙara musu jama'a. Ban da haka ƙudan zuma ba su cika barin 'ya'ya su gudu ba, saboda haka ta zama musu turke. Ni a ganina, wanda yake da amyar da zai ɗebo daga ciki, ba sai ya jira mako guda ba, ya sa musu tun ranar da ya kama su.

SUN GINA ƊAKUNA, SAI ME?

Hanya ta fari, ka bar su su reni tasu. In ɗakunan suna da yawa, wanda ka tarar an riga an toshe bakinsa tun a kwana na 3 ka cire shi, gama da tsutsar da ta girma aka fara shi, uwar da za ta fito ciki ba za ta yi ƙwari ba. Bar biyu ko uku manya waɗanda ke buɗe.

Amma kafin ka zaɓi wannan hanya, zauna ka yi lissafi. Daga ƙwai zuwa fitowa uwa tana ɗaukar kwana 16, ma'aikaciya 21, namiji 24. Haka littattafan Turai suka ce, zumar Afirka kuwa takan riga wannan da kwana ɗaya ko biyu. A ce ka sa saƙa ran 1 ga wata. Tun da da tsutsa suka fara, ba da sabon ƙwai ba, uwa za ta fito wajen 11 zuwa 13 ga wata. Ta yi ƙwari, ta fita barbara, ta fara ƙwai tsakanin 21 da 28 ga wata in an yi sa'a. 'Ya'yanta na fari ba za su fito ba sai bayan wani mako uku. Ka tara duka, mako 6 zuwa 7 ke nan. Ka tuna kwanan ma'aikaciya nawa? Watau sa'ad da sababbi za su fito, tsofaffin da ka kama sun kusa ƙarewa. Saboda haka sai ka tallafa musu da saƙa ɗaya mai rufaffun 'ya'ya, waɗanda suka kusa fitowa, tun cikin makon fari, in hali ya yi ka ƙara wata bayan uwa ta fara ƙwai. Kada ka ba su fiye da abin da za su iya rufewa da jikinsu, musamman cikin hunturu, sanyi zai kashe na gefe.

Daga 10 ga wata zuwa 25 kada ka taɓa amyar, kada kuma ka gusar da ita ko taki ɗaya. Budurwa takan gane gidanta da wurin da yake, in ta komo ta faɗa amyar maƙwabta kashe ta za su yi. Ka duba kuma ko akwai maza a sauran amyoyi. In lokacin yunwa ne an kore su duka, renon uwa wahalar banza ce, gama ba mai barbararta.

Hanya ta biyu ta fi sauri. In wata amyarka tana shirin rabuwa, za ka sami rufaffun ɗakunan uwa a gefen saƙarta. Yanko ɗaya da wuƙa mai kaifi, ka haɗa da ɗan kaki kewaye da gindinsa don abin riƙewa. Kada ka matsa shi, kada ka girgiza, kada ka juya kansa sama. Maƙala shi da tsinke a tsakiyar saƙar marayun, bakinsa yana kallon ƙasa. Ka rage musu kwanakin jira.

Hanya ta uku, in ka sami uwa mai ƙwai daga wani mai kiwo. Kada ka sake ta cikinsu haka kawai, baƙuwa ce, za su dunƙule ta su kashe. Fara rushe ɗakunan da suka gina duka. Sa ta cikin ɗan keji na ragar waya, girmansa kamar akwatin ashana, ka rataya tsakanin saƙa biyu. Bayan kwana 3 ka shafa ƙudajen da ke kan kejin da gashin kaza. In sun kauce da sauƙi, suna miƙa mata harshe ta cikin raga, sun karɓe ta, buɗe mata. In sun manne suna cizon waya, ƙara kwana biyu, ka kuma sake dubawa ko akwai budurwa ko wani ɗaki da ya ɓoye maka.

Hanya ta huɗu ita ce haɗewa. In taron ƙarami ne, bai fi cika ƙwarya ba, ko kuwa lokacin fure ya wuce, kada ka wahalar da kanka. Ka haɗa su da amya mai uwa, amma sai bayan saƙar gwaji ta tabbatar maka marayu ne, kada ka yi irin tawa. Da magariba ka rushe ɗakunan uwa, ka buɗe babbar amyar ta baya inda ba saƙa, ka tsaga da takardar jarida guda daga sama har ƙasa, ka ɗan huda ta da bakin wuƙa wuri uku ko huɗu, ka jera sandunan marayun a bayanta. Kafin su cinye takardar, kwana ɗaya ko biyu, ƙamshinsu ya gauraya, ba faɗa. Za ka ga guntayen takarda a bakin ƙofa. Amya ɗaya mai ƙarfi ta fi biyu masu rangwame kawo zuma nesa ba kusa ba.

IN AN MAKARA

Akwai abin da ke faruwa in taro ya daɗe ba uwa, ba kuma tsutsotsi. Waɗansu ma'aikata sai su fara yin ƙwai da kansu. A zumar Turai sai bayan mako biyu ko uku, tamu kuwa takan fara tun kafin haka. Mai kiwo ya buɗe ya ga ƙwai ya yi murna, bai san ƙarshen amyar ne ya zo ba. Ma'aikaciya ba ta yi barbara ba, ƙwan da ba a yi wa barbara ba kuwa namiji kaɗai yake zama. Wani limamin kirista a ƙasar Silesiya, Johann Dzierzon, shi ya gano wannan a 1845, mutane suka daɗe suna musu da shi kafin su yarda.

Gane wannan ba wuya. Za ka ga ƙwai uku, biyar, har fi, cikin rami guda, waɗansu manne a bangon rami domin cikin ma'aikaciya gajere ne bai kai gindi ba, waɗansu a kan garin fure. Rami nan da ƙwai, nan babu, ba tsari. In an rufe su, murfin yakan yi tozo sama maimakon ya kwanta. Sai dai ka yi hattara: sabuwar uwa ma a kwanakinta na fari takan yi biyu a rami, amma nata a gindi suke, a jere, bayan 'yan kwanaki kuma sai ta daidaita.

Irin wannan taro yana da taurin kai. Suna ganin suna da uwa, in ka kawo musu wata kashe ta za su yi. Mai amyoyi da yawa yana iya ba su saƙa mai buɗaɗɗun tsutsotsi kowane mako har sau uku, ƙamshin tsutsotsin yakan danne masu ƙwan, har a ƙarshe su gina ɗakin uwa. Amma saƙa uku ba ƙaramar dukiya ba ce, sau da yawa ba ta biyan kanta. Abin da ya fi, da yamma ka ɗauki amyar ka kai kamar taki hamsin, ka kakkaɓe ƙudajen duka a ƙasa, ka ɗauke amyar ka ɓoye. Za su koma inda take dā, su rasa, su roƙi shiga amyoyin da ke kusa, a karɓe su kaɗan kaɗan. Saƙar ka narka ta ka sami kaki.

Duk hanyar da ka bi, ka sani taro marar uwa ba ya tsaron gida da kyau. Rage ƙofa ta zama kamar faɗin yatsa biyu. In akwatin ya yi musu yawa, tsaga shi da allo. Sa ƙafafun abin da ka ɗora amyar a kai cikin gwangwanaye masu baƙin mai saboda tururuwa da kwarkwasa, ka nome ciyawar da ke taɓa ta. Ajiye musu ruwa a kasko da tsakuwa ciki. In an harbe ka, kankare ƙarin da farce, kada ka matsa. Wanda kuwa aka harba numfashinsa ya soma sarƙewa, ko fuska da harshe suka kumbura, a kai shi asibiti nan da nan, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Tun da yanzu ka iya rubutu, ga inda zai yi maka rana. Ka ga aikin nan duk ƙidayar kwanaki ne, kai kuwa yakan manta. Nemi ɗan littafi da fensir, ka ba kowace amya lamba da gawayi ko fenti. Rubuta ranar da ka kama taron, da girmansa, da ranar da ka sa saƙar gwaji, da ɗakuna nawa ka gani. A ƙarƙashi ka ƙara kwana 12 ka rubuta, ranar fitowar uwa ke nan. Ka ƙara kwana 25 ka rubuta, ranar da za ka sake buɗewa ka nemi ƙwai.